Ƙas Goma a Ƙafar Baya

Talata, 8 Oktoba 2024

Don lambobi na sayi littafin nan. Iskar taya, tsayin mota, mizani. Amma bari in fara sauke abin da ya tsaya mini a wuya.

Bayan la'asar Alhaji Tijjani, mai warshar da nake aiki, wato garejin, ya kira ni. 'Yarsa Tahani tana tsaye jikin motarta, farar nan ƙarama mai ƙofa biyu, mai ja da ƙafar baya. Aikinta gwajin jini a wani asibiti, amma duk Asabar ɗin da ta samu sai ta tafi wani filin tsere a bayan Jidda, halba suke ce masa, inda kowa ke shiga da motarsa ta gida ana duba masa lokaci. Wai motar tana kwanciya a kwana kamar kwalekwale. Ta yi odar sababbin shokozoba masu sifirin a jiki, ga su a kwali, tana so ta kai wani gareji mai kwamfuta a Jidda su ɗaura mata. Uban ya nuna ni ya ce ga Ma'aruf a gida, me za a je nema?

Ta rage murya ta ce masa da Larabci wai Ammu Ma'aruf, baffa ke nan a bakinsu, bas ɗin alhazai ya sani da motocin ɗaukar kaya.

Shekarata ashirin a Makka. Tana zaton kunnena bai koyi Larabci ba? Kafin a haife ta ina Ƙofar Ruwa a Kano ina ɗaure wa 'yan wasan mota ƙafa, ina juya mota da hannu ɗaya a gaban taron biki. Na ɗauki kwalin na shige ciki.

Alhamis, 10 Oktoba

Na cire tsofaffin. Na hagu na baya ya daɗe da mutuwa, mai duk ya tsiyaye, da wannan take shiga tsere.

Sababbin kaya ne masu kyau, ba zan ɓoye ba. A saman kowanne akwai ɗan maɓalli, kana murɗa shi yana cewa ƙas, ƙas, har talatin. Ɗaya shi ne mafi tauri, talatin mafi laushi. Na sauke motar yatsa biyu gaba da baya. Sandar da ke hana mota kwanciya a kwana, ta baya, tana da rami biyu. Na sa ta a ramin tauri.

Gaba: 8. Baya: 6.

Motar tsere tauri take so. Wanda yake son laushi ya je ya sayi katifa.

Asabar, 12 Oktoba

Bayana ciwo. Matata Hure ta ce in tuna na wuce hamsin. Na ce na tuna, ai ita ba ta bari in manta.

Litinin, 14 Oktoba

Mizani, wato daidaita zaman tayoyi. Ba ni da kwamfuta, zare gare ni da ƙarfe huɗu da ma'auni. Na ja zare a gefe da gefe, na auna bakin kowane rim gaba da baya, na kwance, na ɗaure, na tura motar ta yi taku, na sake aunawa. Tun hantsi har azahar. Tayoyin gaba na ɗan kwantar da kansu ciki, yadda idan nauyi ya faɗa musu a kwana za su taka ƙasa da duk faɗinsu.

Alhaji ya tsaya yana kallo, ya ce da ma ana yin haka da zare? Na ce ana yi tun kafin a ƙirƙiro wutar da kwamfutar take ci.

Na gwada ta a layin bayan warsha. Arba'in kawai, daga shagon mai fenti zuwa kwanar masallaci, in dawo. Iyakata ke nan. Wanda ba shi da iƙama, takardar zaman ƙasa, ba ya hawa babban titi da motar mutane.

Alhamis, 17 Oktoba

Ta zo ɗauka. Ta danna bayan motar da hannu biyu, bai motsa ba. Ta kalle ni, ni ma na kalle ta.

Sai ta ce in zo mu tafi tare ranar Asabar in ga yadda motar take yi. Da gaske take, ta manta. Yaran da aka haifa a nan da takarda a hannu ba sa tunawa akwai shinge a hanyar Jidda. Ni tun da na sauko daga Arfa shekarar da na zo hajji na ƙi komawa, duniyata unguwar Utaibiyya ce da warsha, sai Mina da Arfa idan aikin bas ya kama. Na ce mata aiki ya yi mini yawa. Sai ta gane, ta sunkuyar da kai.

Na goga alli a kafaɗar kowace taya na ce kada ta wanke. Allin zai nuna mini iya inda tayar ta kwanta. Iska: 30 a sanyi, duka huɗun.

Lahadi, 20 Oktoba

Ta dawo da ƙorafi.

Ta yarda motar ta daina kwanciya, kan motar yana shiga kwana da zarar ta taɓa sitiyari. Har ta rage daƙiƙa ɗaya da rabi. To me ake nema kuma? A'a, wai bayan yana tsalle. Akwai wata doguwar kwana, ta bakwai, kwaltar tana da ƙulu a tsakiya, idan ta taka shi sai bayan ya yi kamar zai wuce gaban. Sau biyu ta tare shi da kyar.

Na duba alli. Alli ya ce tayoyina suna zaune daidai.

Na gaya mata ƙafarta ce. Tana jin tsoro a tsakiyar kwana tana ɗaga ƙafa daga totur, nauyi ya koma gaba, baya ya saki. Duk ɗan koyo haka yake yi. Ta ce ba ta ɗagawa. Na ce kowa haka yake cewa.

Sai ga sunan wani Bandar, mai koya musu tuƙi a can. Wai Bandar ya zaga da ita sau ɗaya ya ce bayan ya yi tauri da yawa, tayar ba ta bin ƙasa. Bandar. Da wuya idan ya taɓa kwanciya a ƙarƙashin mota mai ya ɗiga masa a ido.

Laraba, 23 Oktoba

Ta turo bidiyo a wayar Alhaji. Kamara a cikin mota, ana ganin hannunta da gilashi. Ƙafar ba ta fito ba. Na kalla sau ɗaya na mayar masa. Abin da ba a nuna ba shi ne abin da nake magana a kai.

Talata, 29 Oktoba

Yau ba shawara ta zo nema ba, umarni ta kawo. Da Hausarta mai karyewa, don in ji da kyau:

"Ammu, ka sassauta baya ƙas goma. Ya koma sha shida. Motata ce, ni ke ciki."

Na ce idan na yi haka kwalekwalenta zai dawo. Ta ce ta ji, ta yarda, a yi. Tana sauri za ta koma asibiti, ta bar mini makulli.

Ni za a aiko wa lamba daga Jidda. Ta bakin yarinyar da na riƙe wa keke a layin nan tana koyo, tana faɗuwa tana kuka.

Laraba, 30 Oktoba

Baya: 8.

Biyu na murɗa. Na rage iskar baya zuwa 28, wannan zai ba ta riƙo. Idan ta je da zuciyar cewa an gyara, za ta daina ɗaga ƙafa, motar ta zauna, sai in gaya mata gaskiya mu yi dariya. Tsoro nake yi wa magani, ba ƙarfe ba.

Da ta zo ta tambaya an yi? Na ce an yi.

Asabar, 2 Nuwamba

Wajen ƙarfe sha ɗaya wayar Alhaji ta yi ƙara. Ina kwance a ƙarƙashin wata bas na ji ya ce innalillahi, na ji takalminsa ya nufi ƙofa.

Kwana ta bakwai. Bayan ya ƙwace, ta juya sau biyu ta daki tarin tayoyin da ke bakin hanya. Tana raye. Tana magana. Wuyan hannun hagu ya karye.

Na wanke hannuna har sau uku, ban san dalili ba.

Lahadi, 3 Nuwamba

Janwe ya kawo motar. Gefen hagu na baya ya lotsa, ƙarfen da ke riƙe tayar ya lanƙwashe, rim ya tsage. Na zaga ta na rufe da tamfol.

Direban janwen ya ce ya ji ana cewa ta shiga kwanar da gudun da ba ta taɓa shiga da shi ba. To ka ji. Gudu ne. Ko a sha shida take, wa ya ce ba za ta juya ba? Babu wanda zai iya rantsuwa a kan haka. Babu.

Talata, 5 Nuwamba

Alhaji ya yanke hukunci a gabanmu duka, yana shan shayi. Za a gyara motar a sayar. Halba ta ƙare. Ya ce laifinsa ne da ya biye wa mace a kan abin da ba ta iya ba, Ma'aruf ya gaya mata ƙafarta ce ta ƙi ji. Ya dafa kafaɗata yana faɗa.

Na ce Allah ya kiyaye gaba. Iyakar abin da na ce ke nan.

Alhamis, 7 Nuwamba

Ta zo da hantsi, uban ya tafi kasuwar kayan gyara. Hannu a cikin filasta, rataye a wuya. Ba ta gaishe ni kamar yadda ta saba ba, sallama kawai. Ta ce in ɗage tamfol, in buɗe mata but.

Na buɗe. Ta sa hannun dama ta lalubo maɓallin, ta fara murɗa shi zuwa tauri tana ƙirgawa a fili da Larabci. Ta kai bakwai ya tsaya. Ta zaga ɗaya gefen. Bakwai ya tsaya.

Ina tsaye da sifana a hannu kamar wanda aka dasa.

"Takwas ne, Ammu."

Na fara yi mata bayanin iska da tsoro da ƙafa. Ta bar ni na gama. Sannan ta ce ta shiga kwanar da ƙarfi ne saboda na ce an yi. Ta ce Bandar ya tambaye ta a bakin fili ko ya duba mata, ta ce masa ba sai ya duba ba, Ammuna ba ya ƙarya a kan mota.

Ta ce ba za ta gaya wa babanta ba. Ta san abin da zai biyo baya, ta san ba ni da inda zan je. Ta mayar da maɓallan takwas-takwas kamar yadda ta same su, ta tafi.

Ni ban roƙe ta ta rufa mini asiri ba. A rubuta wannan. Ban roƙa ba.

Juma'a, 8 Nuwamba

Na gaya wa Hure bayan na dawo daga Harami. Tana tankaɗen garin waina, ba ta daina ba. Ta ce to yarinyar ta rasa hannu ta rasa mota ta rasa filinta, kai ka rasa me? Na ce ba ta san komai a kan mota ba. Ta ce gaskiya ne, amma ta san goma ta san biyu.

Na fita na zauna a bakin layi har la'asar.

Lahadi, 10 Nuwamba

Har yanzu ina nan a kan cewa tana ɗaga ƙafa.

Amma ba zan zauna a inuwar sa'ar 'yar cikina ba. Kullum in shigo warsha in san cewa alfarmarta nake ci? Ta kalle ni ta san tana riƙe da ni? A'a. Gara a kore ni a tsaye.

Litinin, 11 Nuwamba

Na same shi a ofis bayan azahar. Ban zauna ba. Na ce Alhaji, Tahani ta ce in sassauta goma, na sassauta biyu, na ce mata an yi. Da wannan ta shiga fili. Na ce ba ita ta aiko ni ba, ba ta ma san na zo ba.

Ya daɗe yana kallona. Mutumin da ya ɗauke ni ina kwana a bayan wani shago a Jarwal, ya ba ni sifana da ɗaki. Da aka zo kamen marasa takarda shekarun baya a gidansa na ɓuya kwana tara.

"Da ta mutu fa, Ma'aruf?"



Ya ce in ajiye makullin warsha a kan tebur in tafi gida. Bai ce na yau ba, bai ce na har abada ba. Na ajiye. Na ɗauki zarena da ma'aunina, don nawa ne.

Alhamis, 14 Nuwamba

Gida. Na gyara wa Hure murhun gas, na gyara ƙofar banɗaki, na gyara fankar maƙwabta da ba su ce in gyara ba. Ta ce idan na taɓa injin markaɗenta za ta kai ni ƙara wurin liman.

Mutanen layi sun fara tambaya ko lafiya. Na ce hutu nake.

Talata, 19 Nuwamba

Wani mai gareji a Ka'akiyya ya aiko, ya ji ina zaune. Wuri ne a bakin babban titi, 'yan sintiri na wucewa kullum. Na ce zan yi tunani.

Ba na nadamar faɗa. Na faɗi wannan ga Hure sau biyu yau, ta ce ai ta ji tun na farko.

Lahadi, 24 Nuwamba

Alhaji ya aiko direbansa da makullin a cikin leda. Babu saƙo. Na je da safe na tarar da bas huɗu na masu umara a jere suna jira, ga farar motar a lungu, tamfol ɗin a ninke a kanta.

Alhaji bai yi mini magana ba sai da yamma, yana kallon bango. Ya ce 'yarsa ta hana shi barci. Ta ce ba za a sayar da motar ba, kuma ba wanda zai gyara ta sai wanda ya ɓata ta. Shi ya ce a kai Jidda, ta ƙi. Sharaɗinsa ɗaya: duk notin da zan taɓa a motar nan, tana tsaye tana gani.

Wato an sa mini mai gadi. Ni, a shekaruna. Na ce na ji.

Talata, 3 Disamba

Tana zuwa bayan ta tashi daga aiki, ta ja kujerar roba ta zauna da littafinta. Ita ma ta sayi littafi. Komai sai ta tambaya. Me ya sa wannan notin ake ɗaure shi mota tana ƙasa ba a kan jak ba? Me ya sa zare? Ina amsawa a gajarce. Ba ma maganar abin da ya wuce.

Na sa sabon ƙarfe, sabon rim, na sake jan zare. Da hannu ɗaya ta riƙe mini ma'auni, ta karanta lambar kafin ni. Idona ne ya fara gajiya da ƙananan layuka, ba wani abu ba.

Litinin, 16 Disamba

An cire filasta. Hannun ya rame kamar ba nata ba. Tana matsa ƙwallon roba duk inda ta zauna.

Juma'a, 20 Disamba

Da hantsi ta yi fakin a ƙofar gidanmu. Ta ce tunda ba zan iya zuwa halba ba, akwai wata gada a hanyar Arfa mai lanƙwasa, da gaɓar ƙarfe a tsakiyarta, kusan irin kwana ta bakwai. Ba gudu za ta yi ba, tamanin, abin da doka ta yarda. In zauna kawai in ji.

Na ce idan aka tsayar da mu fa? Ta ce shi ya sa ta zaɓi safiyar Juma'a, amma ba ta yi mini alkawarin komai ba. Na shiga ɗaki na sa hula. Ba za a ce tsoro ya hana ni ba.

Hure ta ce ba za ta bar ni in fita da 'yar mutane ni kaɗai ba, ta naɗe kanta a kujerar baya, gwiwa a haɓa.

Hanya fayau. Tantunan Mina farare, ba kowa, sai tantabaru. Maɓallan baya suna takwas, yadda na bar su. Muka hau gadar. Na zuba wa ƙafarta ido, ba hanya nake kallo ba, ƙafar nake kallo. Muka taka gaɓar.

Bayan ya tashi. Na ji shi a ƙashin bayana, tayoyin sun bar ƙasa sun dawo a wani wuri, kamar taku ɗaya gefe. Kan Hure ya bugi rufi. A tamanin. Da nauyin mutum a baya ma.

Ƙafarta ba ta motsa ba. Ko kaɗan.

Ta sauka daga gadar ta tsaya a gefe, ta buɗe but, ta ba ni wuri. Na ce ta yi da kanta. Ta murɗa takwas a kowane gefe, sha shida ke nan. Muka zaga muka sake hawa. Gaɓar ta zo, motar ta haɗiye ta, ɗif, ta ci gaba da bin layinta kamar an ja ta da zare.

Hure ce ta fara magana. Ta ce na farko jaki ne, na biyu mota.

A hanyar dawowa mun wuce motar sintiri a tsaye. Ba su ko kalle mu ba. Rigata ta jiƙe da gumi duk da haka.

Asabar, 21 Disamba

A Kano fili muke so bayan mota ya saki, shi ne wasan, shi ake yi wa tafi. Shekara talatin hannuna yana ɗaure mota don ta juya. Ban taɓa tsayawa na…

Bari dai. Na mayar da sandar baya ramin laushi. Tana tsaye. Gaba: 10. Baya: 16. Iska 30 da 29.

Alhamis, 9 Janairu 2025

Alhaji ya yarda ta koma, bayan ya sa ta rantse za ta fara a hankali. Ni har yau gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Ya daina dafa kafaɗata. Ban sa ran zai ci gaba ba.

Na goga alli. Ta ƙirga maɓallan huɗu da kanta a gabana, ban ji haushi ba. To, na ji kaɗan.

Lahadi, 12 Janairu

Ta dawo lafiya, motar ma lafiya. Ta shida cikin sha huɗu. Ta rage daƙiƙa biyu a kan mafi kyawun lokacinta, da hannun da bai gama warkewa ba. Kwana ta bakwai ta wuce ta sau goma sha takwas.

Wai Bandar ya sa an ɗora motar a kan kwamfutar wani abokinsa don ya ga mizanin, suka tarar babu abin gyarawa, ya tambaya wane gareji ne. Ta ce masa zare ne. Na ce ai da ma. Ban nuna mata na ji daɗi ba.

Sai ta ce akwai saura. A ƙananan kwanoni biyu na ƙarshe kan motar yana ɗan turjewa, yana so ya miƙe. Na buɗe baki zan ce tana shiga da wuri ne, maganar ta zo har bakin haƙorina. Na tashi na zuba shayi kofi biyu, na ja ɗaya kujerar, na ce ta fara daga inda take taka birki, kada ta tsallake komai.

Ta yi kusan rabin awa tana magana, Hausa da Larabci a cakuɗe, tana nunawa da hannu, wani wurin da kafaɗa. Shafi uku na cika. Alhaji ya leƙo sau ɗaya ya ga ina rubutu, ya koma.

Tana so a sassauta gaba ƙas biyu. Ni a ganina ɗaya ya isa, na kuma gaya mata haka a fili. Ta ce biyu.

Gaba: 12.

Ban ce ta fi ni sanin mota ba. Ita ke ciki, shi ke nan. Ranar Asabar mai zuwa za ta kira ni daga bakin fili bayan zagaye biyar na farko, na ce mata wayata tana aljihu.